Batta da Ƙullin Nikotin a Filin Jirgi: Jagora ga Matafiyi

Shekarar da muka tafi Umara da kawuna, tun kafin kiran assalatu muka bar Morai, muka ɓullo Talata Mafara, muka hau titin Sakkwato. Dattijo ne da ya ba saba'in baya, kuma ran nan ya fara taka filin jirgi. Da muka zo wurin bincike aka ce kowa ya zuba abin da ke aljihunsa a tiren roba. Ya zuba waya da makullin ɗaki da carbi. Ya ratsa ƙofar, ta yi ƙara. Aka ce ya koma, ya sake ratsawa, ta sake yin ƙara. Ma'aikacin, wani matashi mai ladabi, ya ce, "Baba, akwai sauran ƙarfe jikinka." Kawu ya ɗaga babbar riga, ya cusa hannu aljihun 'yar ciki, ya fiddo batta. Ɗan mitsitsin gwangwani ne, fentinsa ya goge tuntuni, gefen murfin ya lotsa daidai inda babban yatsa yake danna shi shekara da shekaru.

"Mi a ciki, Baba?"

"Taba ta, ɗana. Gari na, da 'yar kanwa."

Matashin ya buɗe, ya sunsuna, ya kira na gaba da shi. Suka yi wa kawu bayani a tsanake: nan gida ba mai riƙe shi saboda garin taba, amma ƙasar da za shi ba ta yarda da irinta ba. Kawu ya yi jim, ya juye garin a kwandon shara, ya kakkaɓe battar a tafin hannu, ya mayar aljihu. Da ita wayam ya je Makka ya dawo, ba wanda ya sake tanka masa.

Mutane da yawa gwangwanin suke jin tsoro, suna zaton ƙarfen ne zai jawo musu fitina, har wani ya ɓoye shi cikin safa ko ƙarƙashin hula. Ƙarfen ba laifi ba ne. Abin da ke cikinsa da ƙasar da za ka sauka su ne abin dubawa, kuma ɓoyewar ce take mayar da ƙaramin abu babba.

Dattawanmu batta suka sani, garin taba da kanwa a sa a kunci ko a shaƙa, kamar yadda iyayenmu mata suka san goro da fure. Yanzu kuma wani sabon abu ya fara bayyana a hannun ɗalibai da 'yan kasuwa masu fita waje, wato ƙullin nikotin. Farin ɗan ƙunshi ne, bai kai gaɓar yatsa ba, ana tura shi tsakanin leɓen sama da dasashi a bar shi yana tsatsafo da sinadarin a hankali. Babu ganyen taba a ciki, babu hayaƙi, ba a kuma tofar da yawu. Asalinsa Suwidin, inda suka daɗe da wata danyar tabar baki da suke kira snus. Cikin nau'o'insa, ZYN na kamfanin Swedish Match ne, wanda Philip Morris ya saye a 2022. Velo kuma na British American Tobacco. Saudiyya ma tana da nata, DZRT, na kamfanin Badael da asusun zuba jarin gwamnatin ƙasar ya kafa a 2023. Yawanci a zagayayyen mazubi na roba ake sayar da shi, ƙulli 15 zuwa 20 a ciki, an rubuta ƙarfinsa da miligiram a jiki. Gwangwanin ƙarfen da ake gani a hannun wasu daban suke sayensa, don ƙarko ko don ado, su juye ƙullin a ciki.

Ba tallar abin nan nake yi ba. Nikotin nikotin ne, ko a batta ko a farin ƙulli, kuma idan ya kama mutum sakinsa sai an sha wuya. Wanda bai fara ba kada ya fara. Amma akwai waɗanda suka riga suka saba, kuma za su hau jirgi ko mun so ko mun ƙi. Gara su tafi da sani da a wulaƙanta su a ƙasar da ba su da kowa.

A daren da kake haɗa kaya aikin yake farawa. In ƙullin nikotin ne, bar shi cikin mazubinsa na asali, da tambarin kamfani da rubutun abin da ke ciki, in so samu ne wanda ba a ɓalle hatiminsa ba. Gwangwanin ƙarfen kuma ka wanke shi, ka shanya, ka tafi da shi wayam. In ka isa masauki ka juye. Dalili a fili yake. Jami'in da ya buɗe gwangwani marar rubutu ya tarar da fararen ƙulle-ƙulle masu gari a ciki, ba nikotin ne zai fara zuwa masa a rai ba, kuma ba shi da laifi. Zai ajiye ka gefe, ya kira 'yan NDLEA masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a yi gwaji. Ko an wanke ka daga baya, jirgi ba ya jiran kowa. Mazubi mai tambari kuwa shi zai yi maka bayani da harshen da jami'in Jidda ko na Alƙahira zai iya karantawa.

Sai yawa. Ɗauki daidai abin da za ka yi amfani da shi a kwanakin tafiyarka. Mazubi biyu ko uku kowa ya san na mai shi ne. Katan guda kuwa haja ce, kuma dokar haja daban take da ta guzuri: akwai haraji, akwai lasisi, akwai ƙwacewa.

Jakar hannu ko babbar jaka? Ta fuskar lafiyar jirgi duka biyun sun halatta, domin ƙullin ba ruwa ba ne, ba ya kama wuta, ba shi da batir. Dokar nan ta mililita 100 da ake yi wa turare da man shafawa ba ta shafe shi ba. Ni dai jakar hannu nake zaɓa, saboda tana gaban idonka daga gida har masauki, kuma in an yi tambaya kana tsaye za ka amsa. Babbar jaka da zarar an auna ta ta bar hannunka, ta bi ta hannaye da yawa, ta kuma sha rana a filin jirgi. Maniyyaci dai ya tuna jakar hannun da hukumar alhazai take rabawa kilo 8 aka saba ƙayyade mata.

Kada a haɗa wannan da sigarin lantarki, shi hukuncinsa daban. Batirinsa na iya yin zafi ya kama wuta, don haka dokar jiragen sama ta duniya ta hana sa shi a babbar jaka. A jiki ko a jakar hannu ake riƙe shi, ba a zuƙa, ba a sa shi caji a cikin jirgi, ruwansa kuma yana ƙarƙashin dokar mililita 100. Haka fawa bank, shi ma a jakar hannu ake riƙe shi. Ashana da laita su ma ba sa shiga babbar jaka, kuma wasu filayen ko a aljihu ba sa bari.

Yanzu ga ka a layin bincike. Ƙofar nan da ake ratsawa ba ta san taba ba, ba ta san goro ba. Maganaɗisu ne yake zagaya cikinta, duk ƙarfen da ya gitta sai ta yi kuka, ko makulli ne, ko kan bel, ko awarwaron Hajiya, ko batta. Saboda haka tun kana nesa ka fiddo gwangwanin ka sa a tire tare da waya, a buɗe yadda kowa zai gani. Tiren zai bi ta na'urar haska kaya. A allon mai dubawa, abin da ya fito daga tsiro ko dabba yana bayyana da ruwan lemo, ƙarfe kuma shuɗi, mai kauri sosai ya yi duhu. Siririn gwangwani hasken yana ratsa shi. Mai kaurin ne, ko wanda aka cusa tsakanin caja da tsabar kuɗi da makullai, yake zama dunƙulen duhu a allo, sai a ce a buɗe jaka. In an ce ka buɗe, ka buɗe da hannunka, ka faɗi sunan abin da kalma ɗaya, ka nuna rubutun. Ban da wasa, ban da "ai ba komai ba ne", ban da miƙa wa jami'i wani abu a dunƙule. Dattijo ko dattijuwar da ba ta jin Turanci, ɗan rakiyarta ya tsaya kusa, ya kuma bincika aljihunanta da lalitarta tun a sansanin alhazai, cikin girmamawa. Da na yi wa kawu haka tun a gida, da bai tsaya gaban jama'a yana laluben 'yar ciki ba.

Masu zuwa Amurka su ƙara da wannan: tun 2018 duk garin da ya wuce mililita 350 a jakar hannu sai an yi masa bincike na musamman, ko yaji ne ko kuka ko garin taba.

A cikin jirgi shan sigari haramun ne ko'ina, kuma akwai na'urar jin hayaƙi a makewayi. Wanda ya gwada, 'yan sanda ne za su tarbe shi a ƙofa. Abin da ba ya hayaƙi kuwa kowane kamfani da tsarinsa. Wasu sun hana tabar baki kowace iri, wasu ba su ce komai a kan farin ƙulli ba. Tambayi ma'aikaciyar jirgi tun kafin a tashi, in ta ce a'a ka bari. Garin taba dai ko an yarda ban ga dacewarsa ba. Iskar cikin jirgi ba ta kai ta ƙasa nauyi ba, kamar ka hau dutse mai tsawon mita dubu biyu ne, don haka battar da aka rufe gam a Sakkwato in aka ɓalle ta a sama tana iya furzo gari a fuskar maƙwabci. Ga atishawa, ga neman wurin tofi, ga farin harami a jikin mutane. Mai ƙulli kuma in ya gama kada ya liƙa shi a aljihun kujera ko ƙasan tire. Murfin mazubin yana da ɗan gurbi a sama da aka yi don wanda aka gama da shi. A nan ake ajiyewa har a sami kwandon shara.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne sauka, kuma mafi yawan mutanenmu na Mafara da Bakura da Maradun in sun hau jirgi zuwa waje, Jidda ko Madina suka nufa. Shekara da shekaru ta filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato alhazan Zamfara suka yi ta tashi, masu Umara kuma wasu su bi ta Kano. Saudiyya tana barin matafiyi ya shiga da sigari kara 200 na shan kansa, abin da ya haura haka sai ya bayyana wa kwastan ya biya. Amma akwai wata tabar baki da ake kira shamma, wadda aka fi sani a kudancin ƙasar wajen Jazan da kuma Yaman: garin taba ne da ake cakuɗawa da toka ko farar ƙasa. Ƙasar ta haramta shigo da ita da sayar da ita. To, zuba garin tabarmu mai kanwa a tafin hannu ka dube shi. Jami'in Jidda ba zai ga bambancinsa da shamma ba, kuma a gaskiya bambancin kaɗan ne. Shawarata ga duk mai batta ita ce ya bar garin a gida, ko ƙyas kada ya ɗauka.

Goro ma haka. Ba nikotin a cikinsa, amma hanyarsu ɗaya a wannan tafiya. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da hukumomin jihohi sun sha nanatawa a wurin bita cewa kada a tafi da goro, kuma duk shekara sai an sami mai cusa shi cikin garin rogo ko matashin kai. Na san zafin rabuwa da goro ga wanda ya saba, amma ban ga goron da ya kai a tsare mutum a hana shi aikin da ya tara kuɗinsa shekara goma ba.

Farin ƙullin nikotin, tun da ana yin irinsa a can ana sayarwa, bai kai garin taba haɗari ba. Duk da haka ƙa'idojin kwastan suna sauyawa, kuma abin da aka yarda kamfanin gida ya sayar ba lalle ne a yarda baƙo ya shigo da na wani kamfani da yawa ba. Kafin tafiya ka tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukumarku ko kamfanin da ya yi maka biza, kuma in ka sauka kana shakka, bi layin masu bayyana kaya ka nuna. Mafi munin abin da zai sami wanda ya nuna da kansa yawanci shi ne a karɓe. Ka kuma sani Makka da Madina an ayyana su biranen da ba a yarda da taba ba tun farkon shekarun 2000, kuma shan ta a harabar masallatan biyu laifi ne.

Akwai abu guda da nake roƙon mai karatu da girman Allah ya riƙe, ko ya manta da sauran. Kada ka karɓi sallahun gwangwani, ko ƙulli, ko kwalba, daga hannun kowa. Mu mutanen karkara kunya tana cin mu. Maƙwabci zai zo da dare ya ce, "Alhaji, ga ɗan saƙo ka kai wa ƙanena a Makka, maganin basir ne," kai kuma ka ji nauyin buɗewa a gabansa. Buɗe. In ba ka san abin ba, ka ba shi haƙuri ka mayar masa. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma Tramadol da wasu suke ɗauka abin wasa a nan yana cikin abin da ake kamawa. A Disamba 2018 an kama wata ɗaliba daga Kano a Madina saboda wata jaka mai ƙwaya da aka liƙa wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilu 2019 aka sake ta, bayan binciken NDLEA ya gano masu wannan aiki kuma gwamnatin tarayya ta sa baki. Wata huɗu a tsare, a kan jakar da ko ganinta ba ta taɓa yi ba. Saboda haka ka ƙirga jakunkunanka a wurin awo, ka duba 'yan takardun shaidar kaya da aka liƙa maka a tikiti, ka tabbata yawansu ya yi daidai da jakunkunan, ka adana su har ka fita filin jirgin can. Ka sa wa babbar jaka kwaɗo, in da hali a naɗe ta da leda.

Masu zuwa wasu ƙasashe, kowa ya binciki tasa, don duniya ba ta yi baki ɗaya a kan wannan abu ba. Tarayyar Turai ta hana sayar da snus tun 1992, Suwidin kaɗai aka ware. Beljiyam ta haramta sayar da ƙullin nikotin a 2023. Singafo ba ta yarda a shiga da shi ko da tabar taunawa ba, ko ɗaya tak ne. Indiya, inda mutanenmu suke zuwa neman magani, ta haramta sigarin lantarki a 2019, kuma ana karɓe shi a filayen jiragenta. Amurka kuwa a Janairu 2025 hukumarta ta abinci da magunguna ta ba ZYN izinin sayarwa. Idan jirginka zai yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, za a iya sake haska jakar hannunka a can, kuma in za ka fita gari ka kwana, dokar wannan ƙasar ce a kanka.

To yaya wanda ya bar tabarsa a gida zai yi da ƙishirwarta? Daga Sakkwato zuwa Jidda awa huɗu zuwa biyar ne, wani lokaci fiye, ban da zaman jira a sansani da wanda ake yi bayan an sauka. Abin yana zuwa ne kamar igiyar ruwa: ya taso, ya matsa na 'yan mintoci, ya lafa. Kwanaki ukun farko su ne masu wuya, da ciwon kai da saurin fushi da rashin barci. Kawu asuwaki ya riƙe a baki tun daga Sakkwato har Madina, da dabino a aljihu da gorar ruwa a hannu. A kwana na biyu ya yi mini faɗa a kan takalmi, faɗan da na san ba nasa ba ne, na ba shi haƙuri. Zuwa mako guda ya koma yadda na san shi. Wanda ya san jikinsa ba zai ɗauka ba, ya ga likita makonni kafin tafiya. Akwai cingam na nikotin da filastar da ake liƙawa a damtse, waɗanda magani ne na masu son dainawa. A tafi da su a kwalinsu tare da takardar likita. Mai hawan jini ko ciwon zuciya, da mace mai ciki, kada su taɓa ko ɗaya sai da izinin likita. Mai Umarar azumi ya sani duk abin da aka sa a baki yana narkewa ana haɗiye yawunsa ba ya haɗuwa da azumi. Batun masu ƙamshin na'ana'a ga wanda yake cikin harami kuwa, a kai shi gaban malaman bita.

A dawowa tsarin bai sauya ba: gwangwani a tire, mazubi da tambarinsa, batir a jakar hannu. Abin da zan ƙara shi ne na tsaraba. Kada ka sayo ƙullin nikotin ka raba wa samari a matsayin tsarabar Makka. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ma ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba taba, balle a ɗora masa sabon ɗaurin da bai nema ba. In naka ne, ka cire shi daga jaka kafin ka shiga gida. Ranar da alhaji ya sauka, jikoki ne suke fara kai hannu cikin kaya suna neman dabino da bagaruwa da alawa, kuma zagayayyen mazubi mai launi da ƙamshin na'ana'a bai bambanta da na alawa a idon yaro ɗan shekara uku ba. Ƙulli ɗaya yana iya jigata ƙaramin yaro. In ka ga yana amai, yawu na dalala, yana gumi ko jiri ko rawar jiki, ka ciro abin da ya rage a bakinsa, kada ka tura masa yatsa don ya yi amai, kada ka tsaya ba shi manja ko madara. Ɗauke shi zuwa Babban Asibitin Talata Mafara ko asibitin da ya fi kusa da ku, kuma ka tafi da mazubin a hannu, domin likita ya karanta miligiram nawa ne a kowane ƙulli, ya ƙirga nawa suka rage.